Daga Sukundireba Zuwa Mita: Katawut ɗin Tarakta a Arkilla

Tarakta ba ta cika kwanciya da babbar cuta ba. Injin dizal irin na noma jimiri gare shi. In ana sauya masa baƙin mai a kan kari, ana kakkaɓe masa ƙura daga matatar iska, sai ya ga jikokin wanda ya saye shi. Abin da ke kwantar da tarakta a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da hadari ya soma haɗuwa daga gabas, kowa kuma na son a shiga gonarsa kafin ta maƙwabci, sau da yawa wani ɗan abu ne da bai cika tafin hannu ba. Masu wayarin na ce masa katawut, in kuma irin wanda ke cikin altaneta ne su ce aisi. Kuɗinsa bai kai na batirin da yake kashewa ba, balle na taya. Amma in ya lalace, ko aka sayo wanda bai dace ba, sai ka tarar da mota mai ƙarfin doki talatin ko arba'in tsaye a gindin dogon yaro, direba na zaune kan tayar gaba yana ba masu gona haƙuri ta waya.

Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Altaneta na ba da wuta gwargwadon gudun inji: in an taka totur ta ƙaru, in an saki ta ragu. Batir kuwa ba ya son wannan hawa da sauka. Mai bolt 12 yana buƙatar a riƙa ɗura masa wuta tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ta yi ƙasa da haka ba zai cika ba, sannu a hankali farantan cikinsa su daskare ya daina riƙe caji. In ta haura 15 ruwansa ya tafasa, ya kumbura, ƙwayayen fitilu su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Katawut ne ke tsaye a tsakani, kamar mai ban ruwa da fartanya a bakin fangali, ya buɗe ya toshe, ya buɗe ya toshe, don kada albasa ta sha ta ruɓe, kada kuma ta bushe. Sai dai shi yana buɗewa da toshewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda.

Lokacin da muke yara, Arkilla bayan garin Sakkwato ce. Gonakin gero da dawa sun fi gidaje yawa, abin da ke tayar da ƙura a hanya kuma motocin da ke zuwa ɗaukar siminti ne daga Kalambaina, inda kamfanin ya fara aiki a 1967. Tarakta a wancan zamani ba abin da mutum ɗaya ke saye ba ne. Ta gwamnati ce, ta ma'aikatar gona ko ta hukumar kogunan Sakkwato da Rima da aka kafa a 1973. Shekarun kuɗin man fetur ne. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka kammala madatsar Bakolori a 1978, Shehu Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma a 1980. A lokacin ana haɗa taraktocin Steyr a Bauchi, ana haɗa na Fiat a Kano, ga jajayen Massey Ferguson da ake shigowa da su daga Ingila, irin su 135 mai injin Perkins mai silinda uku, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975. Wani kawuna direban irin waɗannan motoci ne, kuma a wurinsa na fara ganin yadda ake neman kayan gyara a lokacin. Akwai littafi mai kauri, kowane ƙarfe da zanensa da lambarsa. Bakanike ya duba lamba, a rubuta takarda, a kai sito. In babu a sito a aika wa dillalin kamfanin. A kan daɗe ana jira, wani lokaci har damina ta yi nisa, amma abin da zai zo shi ne abin da aka nema. Babu wanda ke zaɓe, don babu abin zaɓa.

Katawut na wancan zamani akwati ne baƙi, galibi na kamfanin Lucas na Birmingham, yana aiki da dainamo. Ana buɗe shi. Wani maɗauri ne da murfinsa, wani sai an banƙare gefensa da sukundireba. A ciki za ka ga ƙulli biyu na wayar tagulla, kowanne da ɗan harshen ƙarfe a kansa. Ɗaya aikinsa ya raba batir da dainamo idan inji ya yi sanyi, don kada wutar batir ta koma baya ta zube. Ɗayan kuma karkarwa yake yi, yana taɓawa yana saki, shi ke daidaita ƙarfin wutar. Tsofaffin masu wayarin sun san wannan akwati ciki da bai. Su goge bakin harshen da samfefa mai laushi, su juya ɗan sukurun da ke baya kaɗan, su kalli allurar da ke gaban direba, su ƙara juyawa. In an sauya dainamo su ɗauki guntuwar waya daga batir su ɗan kyasta a kan tashar kwayil don dainamon ya san gabansa da bayansa, saboda a cikin tsofaffin motocin Ingila akwai waɗanda kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da bodi. Ilimi ne na ido da kunne da yatsa, kuma akwati ɗaya na iya shekara da shekaru ana lallaɓa shi.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Akwatin nan yana da fitina. Ƙurar hunturu na shiga ta zauna a bakin harshen, girgizar tarakta a kan busasshiyar fadama na kwance saitin, dainamon kansa kuma ba ya caji in inji na tafiya a hankali. Gaskiyar magana, da yawan taraktocin da na sani a yarinta ba su da batir mai rai sam. Injin dizal na da ba ya buƙatar wuta in ya riga ya tashi, don haka direba kan nemi ɗan tudu ya ajiye mota da yamma, da safe a gangara da ita. In babu tudu, kuma ƙasarmu ba ta cika tudu ba, sai a ɗaura sarƙa wata motar ta ja, ko a tara samarin unguwa. Mun tura tarakta ba adadi, ladanmu a ɗauke mu a bayanta zuwa bakin hanya. Wannan sakaci da caji ya zama ɗabi'a, kuma ɗabi'ar ta rayu har bayan motocin da suka haife ta sun mutu.

Altaneta ta fara zama kayan yau da kullum a motocin Amurka tun 1960, ta iso mana ta motocin hawa da manyan motoci kafin ta kai ga taraktoci. Ta fi dainamo ta kowace fuska: tana caji ko inji na tafiya a hankali, ta fi ba da wuta, ba ta cin burushi da sauri. Katawut ɗinta ya fara a matsayin akwati a gefe, daga baya harsunan ƙarfe suka ɓace, aka maye su da ƙananan kayan lantarki da aka zuba wa baƙin danƙo aka toshe, a ƙarshe ma aka cusa shi cikin altanetar tare da burushi. Ba ya karkarwa, ƙura ba ta shigarsa, saitinsa ba ya kwancewa. Amma ba a buɗe shi. Ranar da ya mutu, sai dai a jefar a sayo wani.

Wannan sauyi na ƙarfe ya zo daidai da wani sauyi na aljihu. A 1980 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antun haɗa motoci suka soma tangal-tangal, dillalan kamfanoni suka rage kaya, harabobin ma'aikatun gona suka cika da taraktocin da aka ɗora kan duwatsu, ana cire wa wannan don a tayar da waccan. Da yawa an yi gwanjonsu, suka faɗa hannun 'yan kasuwa da tsofaffin direbobi. Littafin nan mai lambobi bai bi su ba. A madadinsa kasuwa ta cika da abin da aka fara kira ɗan Taiwan, sai na hannu da ake ce wa ɗan Beljiyom ko ɗan Kwatano, daga baya kayan Sin suka mamaye komai. Hanyar kaya ta koma Nnewi da Onica da Ladipo ta Legas, ta biyo Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano, kafin ta iso shagunan Sakkwato. Zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Duk wanda ya san wannan lissafi ba zai yi mamakin yadda sabon ƙarfe na asalin kamfani ya zama abin kallo ba.

Su ma motocin sun sauya. Tun da shirin Fadama ya yaɗu a shekarun 1990, da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, noman rani ya koma hannun masu ƙananan gonaki, ƙananan gonaki kuma ƙananan injina suke so. Yau a Arkilla gidaje sun cinye gonakin da na sani, unguwar ta haɗe da birni ko da yake a takarda mazaɓa ce ta ƙaramar hukumar Wamakko. Amma masu tarakta na nan zaune. Da safe za ka ga ƙananan motocin Indiya irin Mahindra da Sonalika, da na Sin, da 'yan tsirarun Kubota da Yanmar na hannu, sun nufi fadamar Kwalkwalawa ko wajen Wamakko da Kware don kaftu. Da rani su ja tirela, su kwaso yashi da bulo da taki. Mai motar na iya zama ɗan fansho da ya zuba kuɗin sallamarsa, ko ƙungiyar manoma, ko 'yan'uwa da suka haɗa hannu. Ba shi da sito, ba shi da injiniya. Shi ne zai tsaya a gaban kanta, a ɗora masa kwalaye uku masu kama da juna, a ce masa, “Alhaji, kala uku ne. Ga orijinal, ga mai bi masa, ga na lallaɓawa. Wanne za a ba ka?”

Amsar wannan tambaya ba ta fara daga farashi ba, kuma nan ne mafi yawanmu ke ɓata. Kafin a yi maganar mai kyau da maras kyau, sai an san wane iri motar ke ci. Ƙananan taraktocin da ke yawo a garin nan hanyar cajinsu ba ɗaya ba ce. Akwai masu altaneta mai aisi a ciki, akwai masu akwati a waje, akwai kuma wasu ƙananan na Japan da ke da ɗan dainamo mai maganaɗisu, wanda wayoyi biyu kawai ke fita daga jikinsa, su shiga wani akwatin alminiyom mai haƙarƙari. Wannan na ƙarshe aiki biyu yake yi, yana miƙar da wutar sannan ya daidaita ta, kuma duk zafin aikin a jikinsa yake sauka. Haƙarƙarin nan don shan iska aka yi su. In aka ɗaure shi da waya yana reto, ko aka cusa shi kusa da salansa, ko mafi tsada ne ba zai ga ƙarshen damina ba. Irinsa ne ke jikin babur da Keke, shi ya sa wasu ke sayo na babur su dasa, tunda ya fi araha kuma ko'ina akwai. Yakan yi caji na ɗan lokaci, har mutum ya yi murna ya gano dabara, sannan ya ƙone, domin wutar da aka yi shi ya ɗauka ba ta kai wadda ake tura masa ba.

Ko a cikin iri ɗaya akwai tarko. Soket biyu na iya zama kamar an tsaga kara, su shiga juna daram, amma aikin ƙafafunsu ya bambanta. A jikin altaneta ko a kan katawut akwai haruffa: B ta batir, L ta fitilar caji, IG ta makulli, S mai jin ƙarfin wutar batir, F ta kwayil, wasu na Turai kuma D+ da W. Haruffan nan ake bi, ba siffar roba ba. Haka kuma akwai katawut da ke yanke wutar kwayil ta inda take shiga, akwai mai yanke ta ta inda take fita zuwa bodi. In aka musanya su, ko dai caji ya ƙi zuwa gaba ɗaya, ko ya zo babu birki har batir ya tafasa. Sai ƙarfin da aka rubuta: bolt 12 ne ko 24, amfiya nawa. Ɗan dainamon maganaɗisu sau da yawa bai wuce amfiya ashirin ba. Direbobinmu kuma, saboda zafin rana, sun koma yin kaftu da dare, sun jera fitilu a saman mota kamar ta biki, ga rediyo, ga cajin waya. In abin da ake ja ya fi abin da ake samarwa, babu katawut ɗin da zai cike giɓin.

Zafin garin nan ma yana da ta cewa. A watan Afrilu ma'auni kan wuce digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin bonet kuwa sai abin da ya ƙaru. Batir mai zafi ƙasa-ƙasa yake son caji, shi ya sa katawut na kirki ke rage wuta da kansa idan jikinsa ya ɗumama. Na banza ba ya yi. Yana iya nuna 14.3 da sanyin safiya, da azahar ya haura, mai mota bai sani ba sai ya fara jin warin ruɓaɓɓen ƙwai daga wajen batir. Masu ƙera batir na lissafin cewa duk ƙarin kusan digiri goma a kan digiri 25 yana raba kwanan batir biyu. Ke nan batirinmu tun asali gajeren kwana gare shi, ba ya buƙatar a ƙara masa da wutar da ta wuce kima.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawan katawut masu lafiya da ake jefarwa, da sababbin da ake kashewa a ranar da aka ɗaura su. Har gobe za ka ga an tayar da inji, yaron gareji ya zare kan batir don a ga ko mota za ta mutu, wai gwajin caji ke nan. A zamanin dainamo ana yin haka a kwana lafiya. A kan altaneta kuwa, batir ne ke shanye tsallen wuta. In aka zare shi inji na gudu, wutar kan yi tsalle ta ninka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta huda aisi ko ta ƙona diyod. Gwajin da kansa ke haifar da cutar da ake nema. Haka mai walda zai kama aikin garma tana rataye a bayan mota bai cire kan batir ba. Haka za a kawo batir biyu a haɗa su bolt 24 don kik ya juya da ƙarfi, ko a juya wayoyi a duhu, ja a wurin baƙi. Bayan kwana biyu a koma shago ana cewa an sayar da jabu.

Wani maƙwabcinmu dattijo ya sha wannan wahala da ƙaramar motarsa. Caji ya ƙi, aka sauya katawut, ya ƙi, aka sake sauyawa da wanda ya fi tsada, har aka fara maganar sayen altaneta sukutum. Wani matashin mai wayarin da ya yi makarantar koyon sana'a ne ya zo da 'yar mitarsa mai lambobi. Ya auna batir mota na kashe, ya auna tana gudu, sannan ya ɗora tsinke ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a kan batir. Ya ɗago ya ce, “Baba, katawut lahiya lau shike. Wayar bodi ta yi tsatsa, ita ka hana caji.” Aka kwance noti ɗaya, aka kankare, aka ɗaure. Dattijon ya daɗe yana kallon kwalayen da ya tara. Irin wannan na da yawa: fambel da ya saki yana zamewa, kan batir da ya yi farin gari, fiyus da ya tsinke, burushin da ya cinye. A wasu altanetocin ma ƙwan fitilar cajin da ke gaban direba ne ke ba kwayil wutar farko, in ya ƙone caji ba zai tashi da wuri ba, ƙwan da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Lambobin da yaron nan ya duba ba sirri ba ne. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna wajen 12.6. In ya nuna 12 ko ƙasa, ya yi nisa da cika, kuma a fara kai shi caji kafin a ɗora wa sabon katawut laifi ko nauyi. In an tayar da inji aka ɗan taka, lamba ta hau tsakanin 13.8 da 14.4 ta tsaya. A kunna fitilu duka, kada ta faɗi ƙasa da 13 da rabi. A bar mota ta yi zafi a sake aunawa, a taka totur sosai a ga ko za ta haura. Katawut ɗin da ya ci wannan jarrabawa ya ci, ko daga ina ya fito. Mitar kuma kuɗinta bai kai na jarkar dizal ɗaya ba.

Ana cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne, sai dai a kasuwar kayan wuta tsada ma ba ta zama shaida ba. Ya kamata a raba abu biyu da muke haɗawa. Akwai kamfanonin da ke ƙera kayan maye a Indiya da Turkiyya da Taiwan da Sin, suna buga sunansu da lambarsu a jiki, suna faɗin motocin da kayan ke shiga. Waɗannan sana'a suke yi ta halal, kuma da yawan kayansu na aiki lafiya. Akwai kuma mai ƙera na banza ya sa shi a kwalin Bosch ko Denso. Wannan ɓarawo ne. Ni dai na fi natsuwa da kwalin da ke ɗauke da sunan da ban taɓa ji ba amma da lamba da adireshi, a kan kwali mai babban suna da farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Sunan ma kansa ba ya nufin abin da yake nufi a da. Kamfanin Lucas da kawuna ya sani ya haɗe da wani a 1996, aka sayar da shi a 1999, yau kamfanoni dabam-dabam ke amfani da sunan bisa izini. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun 2005, amma ɗan ƙarfen da ɗarinsa ke shiga jakar hannu ɗaya ba abin da za a bar wa jami'in tashar jirgin ruwa kaɗai ba ne. Na hannu da aka ciro daga motar Turai ko Japan kuwa, sau da yawa ya fi sabon jabu, in an gwada shi a gaban mai saye.

Wani abu ya gyaru, dole a faɗa. A da in kaya babu a Sakkwato sai mutum ya hau mota zuwa Kano da mataccen ƙarfen a aljihu. Yanzu hoto ake ɗauka, na lambar da ke jikin altaneta da na soket, a tura ta WhatsApp, a biya ta banki, gobe direban tasha ya kira ka. Matasan masu wayarin na buɗe zanen wayoyin mota a wayar hannu, abin da ubangidansu bai taɓa gani ba. Amma saurin ya zo da nasa: hoto ba ya nuna abin da ke cikin danƙo, kuma dokar 'yan kasuwar ita ce kayan wuta ba a mayarwa. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, tunda sun san yadda ake ƙona kaya a gareji. Mafita ita ce a yi sharaɗi tun kafin a biya: mai wayarin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya ɗaura, a auna a gabansa, in bai ba da lamba ba a mayar. Mai shagon da ya san kayansa ba ya gudun wannan sharaɗi. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa.

Sauran laifin na lokacin saye ne. Taraktar da ba ta jan tirela takan yi watanni a ajiye, batir na zubewa a hankali cikin zafi, ba mai waiwayarta sai an ga walƙiya. Ran nan kowa zai ruga kasuwa, mai kyau ya ƙare, farashi ya hau, a ɗauki abin da aka samu. Alhali yanzu kusan kowane layi a Arkilla akwai gida mai sola. Cire batir a kai shi ɗaki mai inuwa, a riƙa ba shi caji lokaci-lokaci ta na'urar da ke daidaita wutar sola, ba wani aiki ba ne. Motocin yanzu ba sa yafe sakacin da na da suka yafe. Da yawansu na da maƙunnin lantarki a kan famfon mai, in wuta ta yi ƙasa sai ya rufe, inji ya mutu a tsakiyar gona, kuma ko duk samarin unguwa sun taru ba za su tayar da shi da turi ba.

Gwamnatoci har yau na sayen taraktoci, a jera su a fili, a yi biki, a raba. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan ciniki ya tambayi dillali abu biyu kafin ya tambayi ragi: ina littafin lambobin kaya, kuma wane shago a Sakkwato zai ajiye kayan wutar wannan mota shekaru biyar masu zuwa? Ƙungiyoyin masu gyara a Buzaye da sauran garejojin gari su hana yaransu zare kan batir, su sa mallakar mita cikin sharuɗɗan yaye almajiri. Kai kuma mai tarakta, ka kwafi lambar da ke jikin altanetarka ka ajiye a waya tun yau, ka sa a auna maka caji a watan Maris, in akwai abin saye ka saya kafin Afrilu ya fita.